Mai Lalurar Alkama a Gidan Abinci

Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa ƙasar Italiya, ya bi titunan Rum ko Milan ko Napoli yana duban ƙofofin gidajen abinci, zai tarar a jikin gilashin waɗansu an manna wata 'yar takarda mai tambarin ƙungiyar masu cutar siliyak ta ƙasar, wadda ke shaida wa mai wucewa cewa ma'aikatan wannan gida an zaunar da su an karantar da su yadda ake dafa wa mutumin da alkama ke cutarwa, kuma ana komowa lokaci bayan lokaci a duba ko suna nan bisa alkawarin da suka ɗauka. Gidajen da suka shiga wannan tsari, daga masu sayar da fiza zuwa otal-otal da shagunan kayan sanyi, sun haura 4,000. Abin da ya cancanci a tsaya a yi tunani a kansa shi ne, ƙasar da kusan babu wata liyafa da ake yi a cikinta ba tare da taliya da burodi ba, ita ce kuma matafiya masu wannan lalura suke yabo fiye da galibin ƙasashe, domin a can mutum yakan zauna ya ci abincin da bai ga dahuwarsa ba, ya tashi hankalinsa kwance.

Kafin a gane girman wannan ni'ima, wajibi ne a san ita cutar. A cikin ƙwayar alkama, da sha'ir, da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rayi, akwai wani sinadari mai suna gulutin, wanda shi ne ke ba kwaɓin fulawa danƙon nan da ke sa shi miƙewa ba ya tsinkewa, shi ne kuma ke riƙe iska har burodi ya kumbura. Ga mafi yawan 'yan Adam abinci ne halal mai gina jiki, ba ya cutar da su da kome. Amma akwai waɗansu, kimanin mutum 1 cikin 100 a ƙasashen da aka yi bincike mai zurfi, waɗanda garkuwar jikinsu, da zarar wannan sinadari ya isa ƙaramin hanji, sai ta tashi da yaƙi, ta auka wa bangon hanjin kansa, ta lalata ƙananan zaruruwan naman da Allah Ya shimfiɗa a cikinsa domin su tsotse amfanin abinci. Daga nan sai mutum ya yi ta ci ba ya ƙiba, gudawa ta zame masa abokiyar zama, ciki ya kumbura, jini ya ƙaranta, ƙashi ya yi rauni, yaro ya tsumbure. Wani kuma ba ya jin kome a fili, alhali ɓarnar tana gudana a ɓoye. Cutar tana bin jini, har ma an ƙiyasta cewa cikin 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita na ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 yana iya kasancewa da ita.

Likitoci sun daɗe da sanin alamominta kafin su san musabbabinta. A shekarar 1888 wani likitan Landan, Samuel Gee, ya siffanta ta siffantawa mai kyau, ya kuma hakikance cewa in akwai waraka to ta hanyar abinci za ta zo, sai dai bai gano wane abinci ne abokin gaba ba. A 1924 wani likitan yara a New York, Sidney Haas, ya ɗora marasa lafiyarsa a kan ayaba, suka murmure, aka jingina nasarar ga ayaba, alhali kuwa sirrin yana cikin burodin da ya hana su. Wanda Allah Ya buɗe wa ƙofar shi ne Willem Dicke, likitan yara a birnin Heg na ƙasar Holan, wanda tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu yake zargin alkama. Da yunwa ta auka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya yi ƙamfa, mutane suka koma cin abin da a da ba a ɗauke shi abinci ba, sai ya lura cewa yaran da ke fama da wannan ciwo suna samun sauƙi a daidai lokacin da sauran jama'a ke ramewa, da burodi ya dawo kuma ciwonsu ya dawo tare da shi. A 1950 ya gabatar da hujjojinsa a jami'ar Utrecht, kuma tun daga ranar har yau, duk da ci gaban ilmin likitanci, ba a sami wani magani da ya maye gurbin abin da ya faɗa ba, wato barin alkama da danginta baki ɗaya har ƙarshen rayuwa.

To, a nan ne maganar gidan abinci ta shigo, domin barin da ake nufi ya wuce a ture burodi gefe. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a 2008 cewa ba za a kira abinci marar gulutin ba sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo guda ba, kuma Amurka ta ɗauki wannan haddi a 2013 ga abincin da ake sayarwa a ƙunshe. Shekara guda kafin hukuncin farko, wani likita ɗan Italiya, Carlo Catassi, tare da abokan aikinsa, sun nuna cewa miligiram 50 a kullum, in aka jera wata 3 ana ci, ya isa ya taɓa hanjin mai wannan cuta. Yankan burodi guda kuwa yana ɗauke da ninkin wannan sau da dama. Ashe ke nan ɓarɓashin da ya maƙale a bakin wuƙa, ko ƙurar fulawar da ta tashi daga teburin kwaɓi ta sauka a kan faranti, abin lura ne. A gidansa mutum yana da iko da tukunyarsa da ludayinsa da rariyarsa, ya san abin da ya shiga da abin da bai shiga ba. Amma ran da tafiya ta kama shi, ko aka gayyace shi walima, ko abokan aiki suka ce a fita a ci tare, sai lafiyarsa ta koma rataye a kan kalmar wani mutum da ke bayan bango, wanda bai san shi ba, mai yiwuwa kuma ba zai taɓa ganin fuskarsa ba.

Musulmin da ya taɓa zama a ƙasar da ba ta Musulmi ba ya ɗanɗani wani abu na wannan hali, yayin da yake tambaya ko an sa man alade ko giya a cikin miya, ba shi da wata hujja sai amsar da aka ba shi. Ɗaliban fiƙihu kuma za su tuna mas'alar da Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a cikin Risala game da ɓeran da ya mutu a cikin mai ko man shanu ko zuma: in abin narkakke ne a bar cinsa duka, in daskararre ne a jefar da ɓeran da abin da ke kewaye da shi. Alkama ba najasa ba ce, Allah Ya kiyashe mu da faɗin haka game da arzikinSa, amma hankalin da ke cikin mas'alar shi ne ainihin abin da kuku ke bukatar ya riƙe, cewa abu mai ruwa yana yaɗa abin da ya faɗa cikinsa zuwa ko'ina. Man da aka soya kaza mai rufin fulawa a cikinsa, in aka jefa dankali, dankalin ya ɗauka. Ruwan da aka dafa taliyar alkama a ciki, in aka zuba taliyar shinkafa ko ta masara don gudun ɓata lokacin tafasa wani, aikin ya rushe, ko da kuwa an sayo ta da tsada an rubuta mata shaida a jikin kwali. Hasali ma a nan hukuncin ya fi tsanani, domin ko a busasshen abu, tsince gutsattsarin burodi daga kan ganye a mayar wa mai ci da farantin ba ya wadatarwa, sai an sake haɗa wani daga farko.

Sa'an nan akwai alkamar da ke shiga abinci a sace, wadda ko mai kawo abincin bai san da ita ba. Miyar Turawa mai kauri galibi da fulawa ake ɗaure ta. Baƙin ruwan waken soya da Sinawa da Japanawa ke ɗanɗana girki da shi yawancinsa da alkama ake haɗa shi. Niƙaƙƙen nama akan cakuɗa shi da garin burodi don ya kama jikinsa. Kifi akan barbaɗa masa fulawa kafin ya shiga kasko. Kuskus da burgul alkama ce tsantsa da ta sake kama. Abin sha mai malt kuma daga sha'ir akan samo shi. Mutum zai karanta takardar jerin abinci daga sama har ƙasa bai ga sunan alkama ba, alhali tana cikin rabin abin da aka lissafa.

Masu bincike a Amurka sun gwada auna yawan wannan haɗari. A 2019 likitocin jami'ar Kolombiya da ke New York suka tattara sakamakon gwaji fiye da 5,000 da masu cin abinci suka yi da wata 'yar na'urar aljihu a gidajen abinci daban-daban, suka tarar kusan kashi 32 cikin 100 na abincin da aka ce ba shi da gulutin yana da shi; a fiza da taliya abin ya haura rabi, kuma ya fi yawa a abincin dare, lokacin da madafa ta cika da hayaniya, hannuwa suka gaji, bisa na safe. Adalci ya sa a ambata cewa na'urar takan kama abin da bai kai haddin nan na 20 ba, saboda haka ba kowane farantin da ta zarga ne mai cutarwa ba. Duk da haka darasin a bayyane yake: rubutun da ke kan takarda yana faɗin abin da aka yi niyyar sawa a tukunya, ba ya faɗin abin da ya same ta tsakanin murhu da tebur.

Wani abin da ya dagula al'amarin, wanda kuma yake ɓata mini rai ƙwarai, shi ne yayi. Tun wajen 2011, da waɗansu littattafai suka fito a Amurka suna ɗora wa alkama laifin ƙiba da kasala, shahararrun mutane irin su ɗan wasan tanis Novak Djokovic kuma suka ba da labarin sun bar ta, sai miliyoyin masu lafiya suka shiga ƙaurace mata don ganin dama. Wannan ya jawo alheri ta fuska guda, domin kasuwa ta buɗe, kaya sun yawaita, gidajen abinci sun fara tanadi. Amma ta ɗaya fuskar ya zubar da nauyin kalmar, domin ma'aikacin da ya sha wahala ya keɓe wa wani faranti, sa'an nan ya gan shi yana gutsurar kek daga farantin abokinsa, gobe in mai ciwon gaskiya ya zo da irin wannan roƙo zai ɗauke shi mai iyayi, ya amsa masa da baki, ya ƙi isar da saƙon ga kuku. Akwai mutanen da alkama ke damun cikinsu ba tare da suna da siliyak ba, akwai kuma masu borin jini da ita, kowannensu yana da haƙƙin a saurare shi. Abin zargi shi ne wasa da sunan lalura, domin wanda zai biya bashin wannan wasa yana can kwance kwana da kwanaki yana murƙususu.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun shigo da doka cikin lamarin. Tun daga Disamba 2014 ya zama tilas ga duk mai sayar da abinci, har wanda ake zubawa a faranti, ya iya bayyana wa mai saye ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da aka san suna cutar da waɗansu, cikinsu har da hatsi mai gulutin, da gyaɗa, da madara, da ƙwai, da riɗi. Italiya kuwa ta riga kowa nisa. Ƙungiyar masu cutar an kafa ta tun 1979. Daga 1982 hukuma ta ɗauki nauyin ba su abinci na musamman, wanda a yau ya zama wani kaso na kuɗi kowane wata, Yuro 110 ga namiji baligi da 90 ga mace. Dokar 2005 ta wajabta wa madafun makarantu da asibitoci da ma'aikatun gwamnati su tanadi abincinsu in an nema, ta kuma ware kuɗin horar da masu otal da gidajen abinci. A 2023 majalisa ta amince a riƙa gwada yara tun ba su nuna alama ba. Waɗanda aka tabbatar suna da cutar a ƙasar sun haura 250,000. A ganina, dokokin nan sun yi aiki ne domin sun sauka a kan mutanen da suka ɗauki cin abinci tare a matsayin ginshiƙin zumunci, har suke ganin barin wani yana kallo ana ci abin kunya ne ga mai gida. Shi ya sa a gidajen da suka ƙware za ka ga an keɓe kusurwa guda ta madafa da tukwanenta da tandarta, a kawo farantin mai lalura shi kaɗai, sau da yawa da 'yar tuta a soke a kai ko da launi daban, don kada ya ɓace cikin sauran.

Shi ma mai lalurar akwai abin da ya hau kansa, kuma waɗanda suka daɗe cikinta sun san ladubbansa. Sukan buga waya tun da rana, lokacin da kuku ke da sararin magana, maimakon su faɗo ana tsakiyar cunkoso. Sukan ambaci cewa ciwo ne likita ya tabbatar. Ba sa tsayawa ga tambayar ko akwai alkama, sai sun bi diddigi, ko man tuya ɗaya ne, ko ruwan dahuwa ɗaya ne, ko da me aka ɗaure miya. In za su ƙasar da ba su jin harshenta sukan riƙe 'yar takarda da aka rubuta bayanin da harshen mutanen wurin, in jirgin sama za su hau su nemi abincinsu kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Amsar da ta fi kwantar musu da hankali, in ji da yawa daga cikinsu, ita ce ta ma'aikacin da ya ce bari ya je ya tambayo, ko ma ya ce gidansu ba zai iya ba da tabbaci ba. Wadda ta fi tsoratarwa ita ce “babu damuwa” da aka faɗa da sauri ba a ko waiwaya madafa ba. Kuma kada a raina nauyin da ke cikin maimaita wannan bayani a gaban jama'a kowane zama, musamman ga saurayi ko budurwa da ba su son a mai da su abin kallo. Da yawa sukan gwammace su ce sun ƙoshi, waɗansu su daina amsa gayyata, a hankali zumunci ya yi ta tsinkewa ba tare da an yi faɗa da kowa ba.

An daɗe ana zaton wannan ciwon Turawa ne, sai bincike ya rushe zaton daga cikin nahiyarmu. A 1999 Catassi ɗin nan da abokansa suka gwada yara kusan 1,000 na Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, suka sami kashi 5.6 cikin 100 suna ɗauke da alamar cutar a jininsu, adadin da ya ninka na Turai sau biyar, a cikin al'ummar da fulawar agaji ta zame mata abincin safe da dare. Likitocin Sudan da Masar da Libiya su ma sun rubuta labarin marasa lafiyarsu. Alamominta kuwa, gudawa da rama da kumburin ciki da ƙarancin jini, su ne dai alamomin tamowa da tsutsar ciki, don haka tana da wurin ɓuya mai faɗi a duk ƙasar da waɗannan suka yawaita.

Mu a ƙasar Hausa Allah Ya yi mana gata, domin tushen cimarmu, gero da dawa da maiwa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo, babu gulutin a cikin ko ɗaya. Alkama mun san ta tun da daɗewa, ana noma ta da rani a fadamun Kano da gefen Tafkin Cadi, amma a da abincin alfarma ce, ta alkaki da funkaso da gurasa da taliyar murji, ba ta kullum ba. Yau kuwa Nijeriya tana shigo da fiye da tan miliyan 4 kowace shekara, burodi ya zama karin kumallo, taliyar leda ta zama abincin yara, tuwon semo ya zauna kusa da tuwon shinkafa a kowane gidan abinci. Fulawa ta kuma kutsa inda a da ba ta: ɗanwake da yawa yanzu da ita ake kwaɓa shi, waɗansu masu waina sukan ɗan zuba ta a ƙullu, ƙosai da fanke sukan fito daga kasko ɗaya, mai shayi yakan soya ƙwai inda ya gama juya taliya, mai tsire yakan ɗora nama a kan gurasa, injin unguwa kuma da ya gama niƙa alkama shi zai karɓi masarar tuwo ba a share shi ba. In mai lalura ya ce, “Hajiya, don Allah wainar nan an sa mata fulawa?” amsar da zai fi samu ita ce, “Ɗan kaɗan ne, ɗana, don ta haɗe,” kuma da zuciya ɗaya ta faɗa, ba ta san cewa kaɗan ɗin shi ne dukan maganar ba. Alhazai da masu fatauci su ma su sani cewa harisa da jarish na ƙasashen Larabawa alkama ce, kisirar Sudan da injerar Habasha kuma, ko da yake asalinsu dawa ce da wani hatsi da ake kira tef, a gidajen sayarwa akan gauraya su da fulawa ko sha'ir.

Al'adarmu ta kara tana ƙara wa abin nauyi, domin ƙin cin abincin mutum a wurinmu kusan zagi ne, yawan tambaya a kan abin da aka ba ka kuma rashin tarbiyya. Amma shari'ar da ta sauke wa majinyaci azumi ba za ta ɗora masa cin abin da zai cuce shi don gudun ɓacin ran mai masauki ba, mai sayar da abinci kuma da aka tambaye shi abin da ke cikin tukunyarsa, shaida aka nema daga gare shi, ɓoye ta ha'inci ne a ciniki. Abin da ake bukata daga masu gidajen abincinmu bai kai na Italiya tsada ba, tun da rabin abin da suke dafawa ya riga ya kuɓuta: su san abin da ke cikin dunƙulen ɗanɗano da garin da suke saye ta hanyar karanta jikin kwali, su keɓe kasko guda da muciya guda da mai na dabam, su koya wa yaran da ke kai abinci cewa in ba su sani ba su shiga su tambayo. Wanda kuma ya karanta wannan ya ga alamomin sun yi kama da nasa ko na ɗansa, kada ya yi gaggawar barin alkama da kansa, domin gwajin jini da na hanji ba sa nuna cutar sai mutum yana kan cin ta. Ya fara zuwa asibitin koyarwa ya nemi likitan ciki, in an tabbatar, a gwada 'ya'yansa da 'yan'uwansa su ma.